Minti Goma Sha Ɗaya

Ranar Laraba, ƙarfe goma da kwata na safe, Direba ya faɗi a gindin famfo da soson wankin mota a hannunsa.

Jan Biro yana zaune bakin tagarsa da littafi a cinya sa'ad da ya ji ƙarar bokiti. Bai tashi nan take ba. Shekara huɗu ke nan yana horar da kansa kada ya motsa don wani abu da ya fito daga ɓangaren maƙwabcinsa, kuma horon ya kama shi sosai. Sai da ya ga ruwan kumfa yana gangarowa ta ƙarƙashin jar motar, babu tsaki a bayansa, babu waƙar nan marar kan gado da Direba yake rerawa in yana wanki, sannan ya kifa littafin ya fito.

Gida ɗaya ne aka raba biyu: ƙofa biyu, famfo ɗaya, da wani siririn fili da ya taso daga get ya gangara har katangar baya. Shekara ashirin da shida suna zaune haka. Jan Biro ya ƙarar da ƙuruciyarsa a maɗaba'a yana farautar kurakurai a rubutun mutanen da suka fi shi suna, har abin aikinsa ya zama sunansa. Direba kuwa tirela ya ja shekara talatin da huɗu, bai taɓa kayar da ita ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba.

Yanzu ga shi a ƙasa, ya jingina da tayar motar, fuskarsa ta yi toka-toka, gumi yana tsattsafo masa a goshi.

"Direba! Kai, Direba!"

"Malam..." Ya dafe ƙirji. "Kamar an ɗora mini kan tirela a nan. Har cikin muƙamuƙi nake ji."

"Tun yaushe?"

"Tun da na tashi yake taɓa ni. Na ɗauka ƙwannafi ne."

"Ka ɗauka. Ashe likita ka zama bayan ritaya ba mu sani ba."

Bakin Jan Biro ne kawai yake aikin da ya saba. Ya zaro waya daga aljihu. Ya kira lambar gaggawa ta asibiti. Wata mata ta ɗauka, muryarta a gajiye tun da safiyar Allah. Motocinsu biyu duk sun fita. Minti arba'in, in an yi sa'a.

"Baba, in kuna da mota a kusa kada ku jira mu," in ji ta. "Ku kawo shi yanzu-yanzu."

Ya kira Auta, 'yar Direba da ke zaune tare da shi, wadda take aiki a wani ofis can ƙarshen gari. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Ya buɗe get ya leƙa layi. A wannan lokacin duk mai lafiyar ƙafa ya tafi nema. Babu kowa sai wata tsohuwa mai shanya a saman bene da kyanwa a kan katanga, kuma a cikinsu babu mai lasin.

Ya juyo. Makullin motar yana rataye inda yake kullum, a jikin ƙusa, daidai tsakiyar ƙofofinsu biyu.

Shekara huɗu da suka wuce, a wannan filin, matar Jan Biro ce ta yanke jiki ta faɗi tana shanya. Direba ne ya ɗauke su a tsohuwar motarsa, wata doguwa mai tari. A babban shataletale, cikin cunkoso, injin ya yi zafi ya mutu. Direba ya ɗaga bonet yana zuba ruwa, tururi yana ƙona masa hannu, ita kuwa ta cika a kujerar baya, kanta a cinyar mijinta. A nan bakin titi, gaban jama'a, Jan Biro ya ce masa: "Shekara talatin da huɗu kana tuƙi, ka kasa kai mace ɗaya asibiti." Jimla ce mai kyau, babu abin gyara a cikinta. Daga baya likita ya gaya wa Jan Biro cewa jijiya ce ta fashe mata a ka, ko a ƙofar ɗakin tiyata ta faɗi babu abin da za a iya yi. Jan Biro ya ji, ya naɗe maganar ya ajiye. Bai kai wa Direba ita ba. Da farko don fushi. Daga baya don ya daɗe bai faɗa ba. Daga baya kuma don mutum yana buƙatar wanda zai riƙa jin haushi in ya farka ya tarar da rabin gado babu kowa.

Wata uku bayan rasuwar, Direba ya rabu da mai tarin. Ya yi wata biyu yana zagayen wuraren sayar da motoci, sannan ya shigo da wannan: ja wur, guntuwa kamar an datse mata gindi da wuƙa, ƙofar bayanta tana ɗagawa sama, tayoyi masu faɗi, giya shida, ga gurnani kamar an taka wa kare wutsiya. Tsoho mai tumbi, wanda ya saba da taya goma sha takwas, ya dawo yana cusa kansa a cikin abin wasan samari. Jan Biro ya karanta littattafai da yawa, ya san abin da maza suke yi in sun fara jin ƙamshin kabari: wani ya rina gemu, wani ya sayi jar mota. Ya yi mata suna Gwangwanin Tumatir. Kullum ƙarfe bakwai da rabi Direba zai tayar da ita ya fita da gurnani, bayan kamar minti ashirin da biyar ya dawo hannu rabbana, ko burodi babu.

"Ga makulli nan a ƙusa, Malam, ko za a buƙata," in ji shi ranar farko. "Zo in nuna maka giyarta, minti biyar ne. Tana da wani hali."

"Na yi tuƙi tun ba a haifi wanda ya ƙera ta ba. Ranar da na buƙaci gwangwanin tumatir zan je shago."

Direba ya sake tayin sau uku ko huɗu a cikin shekarun nan. Amsar ba ta sake ba.

Jan Biro ya fizgi makullin. Ya ɗaga ƙofar baya don ya ga yadda zai shigar da ƙaton mutum cikin wannan akurki, sai ya tsaya. Gilashin baƙi ne, bai taɓa leƙa ciki ba. An riga an kwantar da kujerun baya sun yi shimfiɗa, an tura kujerar gaba ta fasinja har ƙarshe. Ga siririyar katifa a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, ga matashi, ga bargo a naɗe, ga gorar ruwa an ɗaure ta da roba don kada ta gangara. Bai da lokacin tunani. Ya sa kafaɗarsa a hammatar Direba.

"Taimaka mini, ba buhu ba ne kai. Ɗaga ƙafa."

"A hankali... kada ka goge mata fenti."

Da ja da turi da nishi suka shiga. Kan Direba yana taɓa matashin idanunsa suka rufe, bakinsa ya saki. Yana numfashi, amma sama-sama. Jan Biro ya rufe ƙofar, ya wangale get, ya shiga gaba ya zauna. Da murɗawa ɗaya ta tashi. Agogon motar ya nuna goma da minti ashirin da huɗu. A gabansa, taku biyu kacal, katangar baya ce.

Wannan katangar aikinsa ce. Tun da aka sayi motar, Direba da baya yake shigo da ita, hancinta yana kallon get, salansarta kuwa daidai tagar ɗakin karatun Jan Biro. Kwana tara da suka wuce Jan Biro ya zauna ya buga wasiƙa a tafireta, shafi guda, sakin layi uku, babu kuskure ko na waƙafi: hayaƙi yana dafar da takardun littattafansa, a daina juya wa tagarsa gindin mota. Ya tura ta ƙarƙashin ƙofa. Direba ya fito riƙe da ita kamar an ba shi sammaci.

"Malam, taku huɗu ne daga ƙofata zuwa taka. Wasiƙa?"

"In na faɗa da baki za ka ce injin ya hana ka ji."

"Mota ana ajiye ta ne hancinta yana kallon hanya. Haka muka koya. Ba a san ranar da za a fita da gudu ba."

"Nan gida ne, ba tasha ba."

Direba ya linke takardar ya sa a aljihu. Washegari motar ta kwana hancinta a katanga.

Rabon Jan Biro da sitiyari shekara bakwai, amma hannu bai manta ba. A tsohuwar motarsa ribas yana dama, ƙasa. Ya taka kuloci, ya ja giyar dama, ƙasa, ya saki ƙafa. Motar ta yi kakari, ta ɗan zabura gaba, ta mutu. Ya sake tayarwa. Ya sunkuya ya duƙufa a kan giyar, inda aka zana taswirarta da fararen layuka. Ga lambobi ɗaya zuwa shida, ga alamar ribas can hagu, sama, kusa da ta ɗaya. To, ai karatu aikinsa ne. Ya tura hagu iya ƙarfinsa, ya tura sama, ya waiwaya yana kallon get, ya ba ta wuta.

Ta yi tsalle gaba ta daki katanga. Ya ji fitila ta tarwatse.

Ya sake duba zanen. Ya karanta daidai. Hagu, sama. Ya sake yi a hankali, kamar mai bin layi da yatsa, ya ɗan saki kuloci. Ta sake dosar katanga tana nika gilashin da ya zube. Ya danna giyar ƙasa, ya ja ta sama, ya girgiza ta kamar mai tuhumar ɓarawo. Ya cire giya ya bar ta a furi, ya fito ya shiga tsakanin hancinta da katanga, ya kafa baya ya tura. Filin gangare ne, an yi shi don ruwa ya bi ta baya. Ta matsa taƙi ɗaya, ta dawo ta matse masa gwiwa. Nasa ƙirjin ya fara irin suka ɗin nan da yake shan ƙwaya saboda ita. Ya fita layi ya ƙwala kira.

"Jama'a! Babu mai tuƙi a layin nan? Jama'a!"

Tsohuwar bene ta ɗora hannu a ka tana salati. Kyanwar ta sauka ta tafi.

Ya koma ya zauna. Goma da talatin da biyu. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, yana kallon tsagar da ya yi wa sumunti. Sai ya ji murya daga baya, siririya kamar ta fito daga ƙasan rijiya.

"Wa... ya buga mini mota?"

"Direba! Ribas! Ina ribas ɗin wannan shaiɗaniyar?"

"Zobe... Ƙarƙashin kan giyar akwai zobe. Sa yatsu biyu... ɗaga shi. Sannan hagu, sama."

Jan Biro ya lalubo. Ga shi nan kuwa, ɗan zoben ƙarfe, ya yi santsi saboda yatsun Direba. Babu inda aka rubuta shi. Ya ɗaga, ya tura, giyar ta shige wani gurbi da ba shi nan ɗazu, ta ce ƙas. Motar ta ja baya sumul kamar ba ita ba.

"Da ma minti biyar na ce maka," in ji Direba.

Goma da talatin da uku suka fita get. Jan Biro ya karya hagu, hanyar babban titi.

"Ina za ka?"

"Asibiti mana, ko kasuwa ka ga na nufa?"

"Ba ta shataletale ba. Kada ka kai ni shataletale, Malam. Yanzu a cike yake. Juya dama... bayan masu yankan katako."

"Can babu hanya."

"Akwai."

Ya juya. Suka wuce tarin katako da ƙarar zarto, kwalta ta ƙare, suka shiga wani lungu. Motar tana zillo a hannunsa, da ya taɓa totur sai ta zabura kamar ta daɗe tana jiran a tambaye ta.

"Kana shaƙe ta a giya ta biyu. Sa ta uku... Ba ta wuta, ba ƙwai ka ɗauko ba."

"Yi shiru ka adana numfashinka."

"In na yi shiru... sai gobe mu isa."

Direba yana kwance, ba ya ganin komai sai rufin mota, amma ramukan hanya suna gaya masa inda suke. Kafin kowane kwana sai ya yi magana. Hagu a wurin mai walda. Rage, akwai tudun makaranta. A ƙarshen lungun Jan Biro ya taka birki: katangar wani sito a dama, turken lantarki a hagu, tsakaninsu wata 'yar kafa da ko amalanke sai ta yi tunani.

"Ba za ta wuce ba!"

"Ta wuce sau dubu. Naɗe madubi. Saita hancinta da tsagar katangar... ka rufe ido in kana tsoro."

Ya naɗe madubin, ya shiga yana jiran ƙarar ƙarfe. Ba ta zo ba. Yatsu uku suka rage a kowane gefe. Suka faɗa wani miƙaƙƙen titi mai hawa, bayan ma'aikatu, babu kowa a kansa, motar ta haye shi kamar ana janta da igiya.

"Daga get ɗinmu zuwa ƙofar bayan asibiti," in ji Direba, yana tsinka maganar da numfashi, "minti goma sha ɗaya. In ba ka tsaya gaisuwa ba."

Sha ɗaya zuwa, sha ɗaya dawowa, da ɗan abin da za a juya. Jan Biro ya ji lissafin ya haɗu da kansa, kamar yadda kuskure yake tasowa daga shafi bayan ka wuce shi sau goma. Bakwai da rabi na kowace safiya. Hannu rabbana. Ya dubi madubin ciki, ya ga katifa, ya ga bargo, ya ga tafin ƙafar Direba yana rawa da rawar mota.

"Direba. Akwai wata magana."

"Kalli hanya."

"Maganar ranar nan ce, ranar da..."

"Mai keke zai fito ta kwanar nan. Kullum sai ya fito. Yi hon!"

Ya yi hon. Mai keke ya fito kuwa, da tulin kwali a bayansa, ya kauce yana zagi. Jan Biro ya mayar da ido kan hanya. Zai faɗa, amma ba haka ba, ba cikin ƙara da hon ba. Ya fara shirya jimlar a ransa. In ya fara da likita, za ta yi kama da rahoto. In ya fara da neman gafara, Direba zai katse shi da wasa. "Ba laifinka ba ne" ta yi gajarta ga shekara huɗu. Tana buƙatar gabatarwa. Ya cire kalma, ya mayar da wata. In sun isa, in an kwantar da shi a gado an sa masa ruwa, zai ja kujera ya zauna ya faɗe ta yadda ya kamata.

Titin ya rabu biyu a gaban wata ƙaramar gada.

"Hagu ko dama?"

Jan Biro ya rage gudu.

"Direba! Hagu ko dama? Kai, ɗan tasha, da kai nake!"

Babu amsa sai gorar ruwa tana bugun roba. Jan Biro ya ɗaga kai, ya hango tankin ruwan asibiti a kan dogayen ƙafafunsa ta dama. Ya karya, ya taka totur har ƙasa. Bai san yana ihu ba sai da ya ga mai gadi ya wangale ƙofa tun kafin ya iso.

Ma'aikatan jinya biyu suka turo gado mai taya. Suka ɗaga ƙofar baya, suka zaro shi da katifar gaba ɗaya, ɗayansu yana cewa ai wannan motar kamar don haka aka yi ta. Ana tura shi a baranda, Jan Biro yana bin gefe da gudu-gudu, sai Direba ya buɗe ido.

"Nawa?"

Jan Biro ya gane. "Sha huɗu."

"Hm." Gefen bakinsa ya motsa. "Ga ɗan koyo... ka yi ƙoƙari."

"Direba, tsaya ka ji..."

"Baba, nan za ka tsaya," in ji ma'aikaciyar, ta sa masa hannu a ƙirji. Ƙofa mai ganye biyu ta buɗe, ta haɗiye gadon, ta yi ta kaɗawa har ta tsaya.

Ya zauna a benci. A bangon da ke gabansa an manna sanarwa game da lokutan ziyara, da kuskure biyu a layin farko. Ya gan su, ya kasa jin komai game da su. Auta ta iso a guje, katin aikinta yana lilo a wuya, takalmi ɗaya ya tsinke. Ta riƙe masa hannu tana tambaya, yana ba ta amsa da kalma ɗaya-ɗaya. Sha biyu saura kwata likita ya fito, wani matashi mai jajayen idanu, ya cire abin rufe hanci kafin ya yi magana, kuma daga wannan kaɗai suka sani.

Da Auta ta durƙushe, mata suka kewaye ta, Jan Biro ya bi likitan har bakin ofis.

"Likita. Da mun iso minti tara kafin haka fa?"

Likitan ya dube shi. "Baba, ban sani ba. Wataƙila. Wataƙila kuma a'a. Irin wannan ba a rantsuwa a kansa."

Wancan likitan na shekara huɗu da suka wuce ya rantse. Jan Biro ya samu tabbas kyauta ya ɓoye; yanzu da yake nema wa kansa, an ce ya ƙare.

Motar ta yi kwana huɗu a filin asibiti. Da 'yan gaisuwa suka ragu, Auta ta ƙwanƙwasa masa ƙofa da hantsi, idanunta a kumbure.

"Baba, sun ce a zo a ɗauke ta. Ni ban iya ba. Ko na iya ma ba zan iya ba."

Suka je tare. Ganye ya zuba a kan gilashin. Auta ta zagaya gaba, ta tsaya a kan fasasshiyar fitilar, ta taɓa inda fenti ya goge.

"A hanya ne?"

Zai iya cewa e. Bai taɓa barin kuskure ya wuce da saninsa ba, bai ga dalilin farawa da nasa ba. Ya gaya mata wasiƙar, da katangar, da zoben, da tayin minti biyar da ya yi ta mayarwa. Ya gaya mata minti tara, ya gaya mata abin da likita ya ce, bai rage ba. Ta saurara tana kallon ƙasa.

"Na ga wasiƙar," in ji ta. "A aljihun rigarsa na same ta. Ya ce in ajiye, wai bai taɓa samun takarda mai tsabta irinta ba." Ta ja hanci, ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Ka san ni na raka shi sayen motar nan? Kunya kamar in nutse. Duk wadda muka gani sai ya ɗaga bayanta, ya kwantar da kujeru, ya shige ya miƙe, masu sayarwa suna ta dariya. Yana da wata igiya mai ƙulli biyu a aljihu. Ƙulli ɗaya faɗin lungun nan na turken lantarki. Ɗayan kuma tsawonka."

"Tsawona."

"Ya auna a jikin ƙofarka, inda kanka yake kaiwa. Ya ce ka fi shi da yatsu huɗu. Babba ba za ta wuce lungun ba, ƙananan kuma yawancinsu ba su da ƙarfin hawa. Wannan kaɗai ta cika duka. Na ce, Baba, mutane za su ce ka zama yaro. Ya ce su ce. Yana ganin kwalayen maganin zuciyarka a kwandon shara, Baba. Ya ce ba za a yi biyu a hannunsa ba."

Jan Biro ya dafa rufin motar. Rana ta gasa shi, amma bai ɗauke hannun ba.

"Kai ka kai shi," in ji Auta. "Da ba ka nan, a gindin famfo zan dawo in same shi. Ba laifinka ba ne, Baba."

Haka ta faɗe ta, a tsaye a filin ajiye motoci, da tsinkakkiyar murya, babu gabatarwa. Ko daƙiƙa biyu ba ta ci ba.

Ta ce za ta tsaya karɓar wasu takardu, shi ya wuce da motar. Ya bi ta gada, ya gangara titin bayan ma'aikatu, ya yi wa mai keke hon, ya naɗe madubi a wurin turke. A ƙofar gida ya wuce get kaɗan, ya tsaya. Ya sa yatsu biyu ya ɗaga zoben. Ya shigo da ita da baya, a hankali, har salansar ta zo daidai tagarsa, hancinta yana kallon hanya.

Ya kashe. Injin yana ta ɗan ƙas-ƙas yana hucewa. Bokitin yana nan kife a gindin famfo, soson ya bushe ya ƙandare a gefensa. A madubin ciki babu katifa, ta tafi da mai ita. Matashin kaɗai ya rage, da lotsawar kai a tsakiyarsa. Jan Biro ya gyara madubin har matashin ya zo tsakiya.

"Likita ya ce ko mun isa ba za ta tashi ba," in ji shi. "Ba motarka ba ce, Direba. Ba kai ba ne."